Wikki Tourists tsakanin ƙwararru da 'yan dagaji: me ya sa hawa da sauka ba sa ƙarewa?

Tun daga 1998 da Wikki Tourists, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Jihar Bauchi, ta doke Plateau United a bugun fenareti ta ɗauko Kofin Ƙalubale zuwa Bauchi, ƙungiyar ba ta taɓa zama wuri guda ba. Ta zo ta uku a gasar ƙasa a 2007, ta faɗa rukuni na biyu a 2010. Ta dawo, ta sake faɗuwa a 2013. Ta taso da ƙarfinta ta zo ta huɗu a 2015, ta uku a 2016, sannan a 2023 ta sake zamewa ƙasa, sai a 2025 ta samu tikitin komawa Firimiya, wato rukunin farko na gasar Najeriya. Duk lokacin da aka faɗi, majalisun Bauchi daga Wunti har Yelwa ba sa rasa wanda za su ɗora wa laifi. Wannan ya ce koci ne, wancan ya ce alƙalan wasa ne suka yi mana fashi a wasannin waje, wani ya ce shugabannin kulob ne. Kowace magana tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai an sauya koci ya fi a ƙirga, an sauya shugabanni, 'yan wasa sun zo sun tafi, amma hawa da saukar suna nan yadda suke. Ni a ganina matsalar ta girmi duk waɗannan mutanen. Tana cikin yadda aka shigo da ƙwallon ƙwararru ƙasar nan tun farko, da kuma yadda aka yi watsi da ƙwallon 'yan dagaji wanda a kansa aka ɗora ginin.

Kafin 1990 babu gasar ƙwararru a Najeriya. Kofin Ƙalubale ya samo asali tun 1945, gasar ƙasa kuma ta fara a 1972, maƙwabtanmu Mighty Jets na Jos suka fara lashe ta, Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. Yawancin 'yan wasan wancan zamani ma'aikata ne. Sunan mutum yana cikin jerin masu karɓar albashi a banki ko kamfani ko ma'aikatar gwamnati, a takarda akawu ne ko direba ko mai kula da sito, da yamma kuma ya sa takalmi ya fita atisaye. Kuɗin ba su da yawa, amma tsarin yana da wani alheri da mutane suke mantawa: ranar da gwiwa ta ƙi, aikin yana nan. Ɗan wasa yana ajiye takalmi ya koma teburinsa har ya kai ga fansho.

A ranar 12 ga Mayu 1990 aka buɗe gasar ƙwararru a filin Onikan da ke Legas. Manufar ita ce kulob ya zama sana'a mai cin gashin kanta, ya yi rajista kamar kamfani, ya samu filinsa, ya rayu da kuɗin ƙofa da talla da cinikin 'yan wasa. Tunanin mai kyau ne, lokacin ne bai yi ba. Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin soja ta kawo a 1986 ya riga ya karya darajar naira, kamfanoni suna rage ma'aikata, ƙwallo kuwa shi ne abu na farko da ake yankewa. Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka mamaye tsakiyar shekarun 1980, an rushe su tun kafin a busa usur na farko a sabuwar gasar. Wato an kira 'yan kasuwa su karɓi ƙwallo a daidai lokacin da suke tattara kayansu. Gurbin da suka bari, gwamnatocin jihohi ne suka cike shi.

A cikin wannan yanayi aka haifi Wikki Tourists a 1991. Gombe United ta riga ta da shekara guda, a lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauchi, kafin a raba a 1996. An ɗauko sunan Wikki daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta gandun dajin Yankari, giwar Yankari kuma ta zama alamarta. Daga nan za ka gane aikin da aka ɗora mata: ta yaɗa sunan jiha, ta tallata wurin yawon buɗe ido, ta ba matasa abin yi da abin kallo. Duk manufofi ne na kirki, kuma ba don gwamnati ta sa hannu ba da Bauchi ba ta taɓa ganin ƙwallon Firimiya ba, domin masana'antun da za su iya ɗaukar nauyin, irin su kamfanin haɗa motoci na Steyr, su ma ciwon kansu ya ishe su. Amma babu ɗaya daga cikin manufofin nan da ya tilasta wa ƙungiyar ta koyi neman kuɗinta. Ta shiga gasar ƙwararru da tsarin sashen ma'aikatar gwamnati, kuma da shi take tafiya har yau.

Dokar FIFA a kan wannan a bayyane take. Ƙwararren ɗan wasa shi ne wanda yake da kwantiragi a rubuce da kulob, kuma abin da ake biyansa ya wuce abin da yake kashewa a kan wasan. Duk wanda bai cika wannan ba ɗan dagaji ne. Da wannan ma'auni 'yan wasan Wikki ƙwararru ne, babu ja. Kamfanin LMC da ya karɓi ragamar gasar a 2013 ya yi ƙoƙarin ƙarfafa haka, ya soke tsohon tsarin kuɗin sa hannu wanda ƙungiyoyi suke alƙawartawa su kasa cikawa, ya kafa mafi ƙarancin albashi na naira 150,000 a wata. A lokacin kuɗi ne masu auki. Yau kowa ya san abin da suke iya saya a kasuwar Muda Lawal.

Amma adadin albashin ba shi ne babban ciwon ba. Hanyar da kuɗin suke bi ce. A kusan duk ƙungiyoyin jihohi, kuɗin tafiya wasan waje, alawus na nasara, kuɗin sayen sabbin 'yan wasa, duk sai an rubuta takarda ta tashi daga ofishin kulob zuwa ma'aikatar wasanni, ta haura sama a sa hannu, ta gangaro baitulmali, sannan a jira a saki. Kasafin gwamnati yana tafiya daga Janairu zuwa Disamba, kakar wasa kuwa yanzu tana farawa wajen ƙarshen damina ta ƙare kafin wata daminar ta kankama, saboda haka kowace kaka tana raba ƙafa tsakanin kasafi biyu. Lokacin da ya kamata a riƙe gwanayen 'yan wasa, wato makonnin farko bayan kammala gasa, shi ne lokacin da babu wanda ya san nawa za a samu. Ga kuma siyasa. Sabuwar gwamnati takan zo da sabbin shugabannin kulob, su zo da sabon koci, shi kuma ya zo da yaransa. Wanda bai san ko zai kai baɗi a kujerarsa ba, ta yaya zai ba yaro ɗan shekara 18 kwantiragin shekara huɗu? Sai a yi ta kwantiragin kaka guda, kaka ta ƙare kowa ya kama gabansa, ba a biya kulob ko sisi ba.

Babu misalin da ya fi na 2016 fito da wannan fili, kuma har yanzu yana yi mini ciwo. Ƙungiyar da koci Abdu Maikaba ya haɗa ba ta da manyan sunaye, amma tana da tsari, tana riƙe ƙwallo a ƙasa, kuma duk wanda ya shigo filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san ya shigo gidan mutane. Godwin Obaje ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Enugu Rangers ce ta ɗauki kofi, Rivers United ta biyu, Wikki ta uku, ta samu gurbin gasar Kofin Confederation na Afirka. A ƙungiyar da take gudana a matsayin sana'a, irin wannan shekara jari ce. Ko dai ka riƙe mutanenka ka ƙara musu biyu ko uku, ko ka sayar da gwaninka da tsada ka zuba kuɗin a makarantar yara. Me ya faru? Kafin a fara sabuwar kaka Maikaba ya koma Akwa United ta Uyo, Obaje ya koma FC Ifeanyi Ubah. A Fabrairun 2017 aka haɗa Wikki da RSLAF, ƙungiyar sojojin Saliyo, a zagayen share fage. Aka ci mu 2-0 a can, muka ci 1-0 a wasan gida, aka fitar da mu. A ƙarshen wannan shekarar Maikaba ya ɗaga kofin ƙasa, amma a hannun mutanen Uyo. Ban ga laifinsa ba, ban ga na Obaje ba. Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, kuma tunda aka soke tsohon tsarin da yake ba shi teburin komawa, ba shi da wani fansho sai abin da ya tara kafin ƙafa ta gaji.

Haka abin ya kasance a 2007. A shekarar nan Gombe United ta zo ta biyu bayan Enyimba, Wikki ta zo ta uku. Ƙungiyoyi biyu daga tsohuwar Jihar Bauchi suka wakilci Najeriya a Afirka a 2008, ɗaya a gasar Zakaru, ɗaya a Confederation. Bayan kaka uku Wikki tana rukuni na biyu.

Sai maganar hanya, wadda mai kallo daga gida ba ya lissafawa. Wasan waje a Uyo ko Fatakwal ko Aba yana nufin a cusa mutum talatin cikin bas, a bi ta Jos, a gangara Akwanga da Lafiya da Makurɗi, a kwana a hanya ko a isa cikin dare, a buga wasa da ƙafafu a kumbure, a juyo. A Fabrairun 2021 motar Wikki ta kama da wuta a Hawan Kibo a kan hanyar zuwa wasa da ƙungiyar Dakkada ta Uyo. Allah Ya kiyaye rayuka, amma motar ta ƙone. A gasar da cin wasan waje yake da wuya tun asali, ƙungiyar da take nesa da yawancin abokan karawarta dole ta cinye kusan duk wasanninta na gida. Canjaras biyu ko uku a Bauchi sun isa su jefa ta cikin huɗun ƙarshe da ake kora.

To ina 'yan dagaji suka shigo? A ƙarƙashin Firimiya mai ƙungiyoyi 20 akwai rukuni na biyu, NNL, a ƙarƙashinsa akwai NLO, sai gasar jiha, sai kuma ƙungiyoyin unguwa waɗanda yawancinsu ba su cikin kowane littafi. A nan ne ƙwallon Bauchi yake da ɗorewar da Wikki ta rasa. Je ka filin wata firamare a Jahun ko Kobi ko Fadaman Mada bayan sallar asuba, ko ka leƙa Azare da Misau da Ningi da yamma. Za ka tarar da mutum guda, wataƙila tela ne ko malamin makaranta ko mai gyaran babur, da usur a wuya da buhun ƙwallaye uku, biyu daga ciki an ɗinke su. Yara arba'in suna gudu, wasu da takalmin gwanjo, wasu ƙafa ɗaya takalmi ɗaya roba. Idan akwai wasa a wani gari, karo-karo ake yi a ɗauki hayar mota. Idan uban yaro ya hana shi fita, kocin ne zai je ƙofar gida ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a yi haƙuri a bar mini shi, ni zan tabbatar bai fasa Islamiyya ba." Uban ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, amana ce na ba ka." Mutumin nan yana wannan aiki shekara goma, ashirin, gwamnati ta zo ta tafi yana nan. Shi ne ya san wane yaro ne yake da ƙafar hagu, wane ne ba ya cin abinci kafin ya fito, wane ne zai yi tsawo.

Abin takaici shi ne babu wata gada tabbatacciya tsakanin wannan mutum da ƙungiyar jiharsa. Idan kaka ta gabato, abin da aka saba gani shi ne a kira gwaji na buɗe ƙofa, ɗaruruwan matasa su taru, a kalli kowa minti ashirin, daga ƙarshe kuma a cike yawancin guraben da waɗanda dillalai suka kawo, masu gogewa a wasu ƙungiyoyin. Kocin da aka ba kaka guda ya tsira da aikinsa ba zai yi caca da yaron unguwa ba, kuma na fahimce shi. Yaron sai ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja ko Legas, ya shiga wata makarantar ƙwallo, ta yi masa rajista a matsayin nata. Idan Allah Ya ɗaga shi ya tsallaka Turai, dokar FIFA ta tanadi kuɗin horo ga ƙungiyoyin da suka rene shi, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayensa idan ya tashi daga wata ƙasa zuwa wata, a raba wa duk waɗanda ya bi ta hannunsu daga shekara 12 zuwa 23. Amma rabon yana bin rajista ne. Wanda sunansa ba ya cikin takardar tarihin ɗan wasa ba shi da kaso, ko da shi ya saya masa takalminsa na farko. Telan Jahun ba zai ga komai ba, Wikki ma haka, domin yaron bai taɓa sa rigarta ba.

Matakin 'yan dagaji ba wuri ne mai tsarki ba, kuma Bauchi ta ga haka da idonta. A Yulin 2013 aka kawo wasannin neman gurbin shiga gasar ƙasa ta 'yan dagaji garin nan. Plateau United Feeders da Police Machine ta Adamawa sun yi kunnen doki a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba su, kuma wasanninsu na ƙarshe lokaci guda ake bugawa. An tafi hutun rabin lokaci Feeders tana cin Akurba 7-0, Police Machine tana cin Bubayaro ta Gombe 6-0. Da aka tashi, sakamakon ya zama 79-0 da 67-0. Wato Feeders ta zura ƙwallo 72 a minti 45. Labarin ya zagaya duniya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa ƙwallo har abada. Hukuncin ya dace da girman laifin. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaran. Matasa ne da ba su da albashi, ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu, manya suka ce su yi suka yi, rayuwarsu ta ƙwallo ta ƙare a yammaci guda. Inda babu kuɗi, babu ido, babu kyamara, kuma hawa mataki guda shi ne kaɗai hanyar da mai kulob zai mayar da abin da ya kashe, irin wannan ɓarna ba ta da wuyar faruwa. A shekarar da aka yi wannan abin kunya a ƙasa, a ita Wikki ta faɗo daga sama.

Wasu suna cewa maganin kawai gwamnati ta cire hannu a bar wa 'yan kasuwa. Gombe ta gwada mana wannan. Doma United ƙungiya ce mai zaman kanta, ta hau Firimiya a 2022, ta ba mutane mamaki a kakarta ta farko, har aka fara cewa ga sabuwar hanya. A 2024 ta faɗi, tare da Gombe United ta gwamnati, filin Pantami ya rasa ƙungiyoyinsa biyu a kaka guda. Aljihun mutum ɗaya ma yana gajiya, kamar yadda baitulmali yake jinkiri. Wanda ya nuna bambanci shi ne Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, wadda ta lashe gasar 2025. Mai ƙungiyar, Kunle Soname, bai tsaya a sayen 'yan wasa ba. Ya gina fili, ya gina masauki, ya kafa makarantar Beyond Limits da take renon yara tana sayar da su waje, kuɗin suna dawowa cikin gida. Abin da ya raba ta da sauran ba wai mai ita ɗan kasuwa ba ne. Ta mallaki matakin 'yan dagajinta ne, ta mai da shi hanyar samun kuɗi.

Bauchi tana da abin da Ikenne ba ta da shi. Tana da filin da ya karɓi gasar matasa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999 da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Tana da jama'a masu son ƙwallo, waɗanda ko da gidajen kallo sun ɗauke hankalin matasa zuwa Ingila da Sifaniya, ranar da Kano Pillars ko Plateau United suka zo gari sai filin ya cika. Sai dai cikar fili ba ta zama kuɗi idan rabin masu shiga ta ƙofar alfarma suka bi, kowa da wanda ya sani. Mu magoya baya muna da namu kason a nan. Mutumin da yake biyan kuɗin gidan kallo duk Asabar ba tare da gardama ba, shi ne yake jin an ci masa mutunci idan aka ce ya yanki tikitin Wikki.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta janye gobe. Idan ta janye yau, ƙungiyar ba za ta kai ƙarshen kaka ba. Abin da nake so a gani shi ne a sauya yadda take bayarwa. A yanke wa kulob kuɗinsa na shekara uku, a riƙa sakin su kan lokaci ba sai an bi takarda ofis-ofis ba, a ba shugabanni wa'adin da sauyin gwamnati ba zai katse shi ba, su kuma su buga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowa ya gani. Da haka ne kaɗai za a iya ba ɗan wasa kwantiragin da zai sa duk mai sonsa ya biya. Sannan a ware wani kaso, ko kaɗan ne, wanda ba za a taɓa shi don sayen ɗan wasan gaba ba ko da ƙungiya tana ƙasan tebur. Da shi za a yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, a yi wa kowane yaro kati tun yana ɗan shekara 12, a tura masu horar da su kwas su samu takardar shaida, a rubuta yarjejeniya cewa duk yaron da Wikki ta ɗauka daga hannunsu ta sayar, suna da kasonsu. Ana iya farawa da ƙungiyoyi goma na cikin garin Bauchi da biyar daga Azare kafin a faɗaɗa zuwa sauran ƙananan hukumomi.